Yadda Ake Addu'ar Dogara ga Allah Sa'ad da Ba a San Abin da Gobe Za Ta Haifar Ba

Masifar da ta riga ta sauka daban take da wadda ake jira. Wanda aka sallama daga aiki ya san inda ya tsaya, amma wanda ke jin raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, shi barci ke ƙaurace wa. Haka mai jiran sakamakon gwajin asibiti, da matar da mijinta ya yi tafiya kwana uku ba labari, da wanda aurensa ke tangal-tangal. Addu'a a irin wannan hali tana da wahala ta musamman, domin mutum bai ma san abin da zai roƙa ba. Sai ya durƙusa da kyakkyawar niyya, bayan minti goma ya tarar saƙa da warwara kawai ya yi, ya rufe da "Amin", ya tashi da nauyin da ya zo da shi.

Ga hanyar da za ta hana hakan. Tana ɗaukar kamar minti goma sha biyar, da biyar na shiri a ranar farko. Ba doka ce ba, Allah yana jin wanda ya yi kira da kalma ɗaya. Amma zuciyar da ke cikin zullumi tana bukatar turba, in ba haka ba sai ta koma kewaya wuri ɗaya.

Kafin ka fara: fito da abin fili

Ɗauki takarda da biro. Rubuta abin da kake tsoro cikin jimla ɗaya ko biyu, da sunansa. "Rayuwata ta rikice" bai isa ba. "Ina tsoron gwajin zai nuna ciwon ya dawo" ko "Ina tsoron in rasa aiki in kāsa biyan kuɗin haya", wannan ne ake nema. Fargabar da ba ta da suna tana cika ɗaki kamar hayaƙi. Da zarar an rubuta ta, sai a ga iyakarta, sau da yawa ma sai a ga abubuwa uku ne suka cuɗe aka ɗauka ɗaya ne.

Wannan ba dabarar zamani ce ba. A wajen shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya aika wa Hezekiya sarkin Yahuza wasiƙar barazana. Ishaya 37:14 ta ce Hezekiya ya karanta ta, ya haura Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji. A cikin addu'arsa bai rage wa abin girma ba. A aya ta 18 ya yarda gaskiya ne sarakunan Assuriya sun hallaka ƙasashe. In akwai takardar da ta tayar maka da hankali, ta likita ce ko ta kotu ko ta wurin aiki, ba laifi ka ajiye ta a gabanka kamar yadda ya yi.

Daga nan ja layi a tsakiyar takardar. A gefe ɗaya rubuta abin da ke hannunka: kiran da ya kamata ka yi, gafarar da ya kamata ka nema, maganin da za ka sha, takardar neman aiki da za ka aika. A ɗaya gefen rubuta abin da ba ya hannunka: shawarar da wani zai yanke, abin da gwaji zai nuna, ranar da amsa za ta zo. Masu zullumi sukan juya waɗannan biyu. Su kwana suna kokawa da abin da ba su da iko a kai, su bar wanda ke hannunsu ya kwana. Gefe na farko za ka roƙa masa hikima da ƙarfi, na biyu shi za ka miƙa.

Lokaci kuwa, tsayar da guda ɗaya da ba ya sauyawa, zai fi kyau da safe kafin ka taɓa waya. Dalilin a bayyane yake: abin da ya fara shiga kai shi ke riƙe ragamar yini. Daniyel yana addu'a sau uku a rana (Daniyel 6:10), Zabura 55:17 kuma ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. In za ka iya uku, madalla. In ba za ka iya ba, ɗaya da ake yi kullum ya fi uku da ake yi kwana biyu a watsar. Ajiye wayar a wani ɗaki, yi amfani da Littafi Mai Tsarki na takarda in kana da shi. Kuma yi addu'ar da baki, ko da raɗa ne. Addu'ar zuci ita ce ta fi saurin rikiɗewa ta zama tunani, amma harshe ba ya iya faɗin abu biyu a lokaci guda.

Minti uku na farko: fara da Allah

Wanda ya fara da matsalarsa, yawanci a cikinta zai ƙare. Dubi tsarin addu'ar Yehoshafat sarkin Yahuza a 2 Tarihi 20:6-12, sa'ad da aka kawo masa labarin rundunar Mowabawa da Ammonawa sun taso. Ayoyi bakwai ne. Huɗu na farko a kan Allah suke: mulkinsa a kan al'ummai, ƙasar da ya ba zuriyar Ibrahim, wurin da aka gina domin sunansa. Sai a aya ta 10 abokan gāba suka shigo. A ta 12 ya faɗi maganar da ta fi dacewa da duk mai rashin tabbas, cewa ba su da ƙarfi, ba su san abin da za su yi ba, amma idanunsu na gare shi.

Yadda za ka yi: karanta nassi ɗaya gajere da ƙarfi, a hankali, sau biyu. Ciro abu ɗaya da ya faɗa game da halin Allah, ka mayar masa da shi da kalmominka. Zabura 46 ta dace da wanda ƙasa ke girgiza a ƙarƙashinsa, 121 da mai tafiya ko mai tsoron dare, 23 da mai rashin lafiya, 62 da mai jira. Ishaya 40:27-31 tana magana da wanda yake ganin Allah ya manta da shi. Kada ka riƙa sauya nassi kowace safiya. Riƙe ɗaya har mako guda. Zuwa rana ta huɗu ko ta biyar za ka ga ka fara haddace shi ba tare da ka yi niyya ba, kuma haddar nan ita za ta yi maka rana da tsakar dare.

Minti huɗu: faɗi gaskiyar abin da ke ranka

A nan ne masu bi da yawa suke yin tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kai. An saba ɗauka cewa mai bangaskiya ba ya cewa "ina tsoro", sai mutum ya shiga gaban Allah da fuskar da yake nuna wa baƙi. Sakamakon shi ne addu'a mai ladabi wadda ba ta taɓa ciwon ba. Zabura 62:8 ta haɗa abu biyu a aya ɗaya: dogara gare shi kullum, da zuba zuciya a gabansa. Wanda bai zuba ba, ba shi da abin da zai miƙa.

Zabura 13 ita ce makaranta mafi sauƙi. Ayoyi shida ne kacal. A biyu na farko Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu, har da zargin cewa ya ɓoye masa fuska. A biyu na tsakiya ya yi roƙo. A biyu na ƙarshe ya ce ya dogara ga madawwamiyar ƙaunar Allah. Lura, babu abin da ya sauya a waje tsakanin aya ta 1 da ta 6. Abokan gāban suna nan. Abin da ya faru shi ne ya bi ta cikin kukan ya fita ta ɗaya ƙofar.

To, ka yi haka. Karanta abin da ka rubuta a takarda, ka ƙara da yadda yake ci maka rai: "Ya Uba, ina jin haushi don na yi ta roƙo shiru." "Ina kishin waɗanda nasu ya yi kyau." "Ina tsoron in ka ce a'a ba zan iya ɗauka ba." In shakka ce ta dame ka, ari maganar mahaifin yaron nan a Markus 9:24, wanda ya ce ya gaskata, a taimaki rashin gaskatawarsa. Yesu bai kore shi ya je ya gyara bangaskiyarsa tukuna ba, ya warkar da ɗan.

Akwai iyaka tsakanin kuka da gunaguni, kuma ba ta da wuyar ganewa. Kuka da Allah ake yi, ana ce masa "kai". Gunaguni a bayan idonsa ake yi, ana ce masa "shi". Ayuba ya faɗi maganganu masu zafi ƙwarai, amma ga Allah ya riƙa juyawa, kuma a ƙarshe abokansa masu tsararrun amsoshi aka tsawata wa (Ayuba 42:7).

In a nan ne laifinka ya faɗo maka a rai, wato kana da hannu a rikicin, furta shi sau ɗaya a sarari, karɓi alkawarin 1 Yahaya 1:9, ka wuce. Maimaita tuba a kan zunubi ɗaya kowace safiya wani salon zullumi ne da ya sa rigar ibada.

Me ya sa aka ce minti huɗu? Saboda wannan sashe ba ya ƙarewa da kansa. In ba a sa masa iyaka ba zai cinye sauran.

Minti uku: roƙi abu takamaimai

Filibiyawa 4:6 ta ce a sanar da Allah roƙe-roƙe. Faɗi abin da kake so kai tsaye: warkarwa, aikin, dawowar wanda ya tafi, sulhu. Kada kunya ta sa ka ɓoye a bayan "ka yi abin da ka ga dama" tun ba ka roƙi komai ba. Wannan wani lokaci tsoron jin kunya ne, ba tawali'u ba.

Bayan babban roƙon, ƙara ƙanana uku na yau: hikima don shawarar da ke gabanka (Yakubu 1:5), ƙarfin yin abin da ke gefen farko na takardarka, da biyan bukatar wannan rana. Addu'ar Ubangiji abincin yau ta koya mana roƙo. Isra'ilawa da suka ɓoye manna don gobe, tsutsa ta ci, ta yi wari (Fitowa 16:20). Mai zullumi yana so a ba shi ƙarfin wata shida a dunƙule, sai ya auna ƙarfinsa na yau da nauyin wata shida, ya ga bai kai ba. Ai ba zai kai ba. Matiyu 6:34 ta ce wahalar kowace rana ta ishe ta.

Minti biyu: miƙa

Wannan shi ne zuciyar addu'ar. Tsarinsa yana Markus 14:36, a Getsamani, kuma jerin yana da muhimmanci. Yesu ya kira Allah Abba, ya ce kome mai yiwuwa ne a gare shi, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahalar da ke gabansa, sa'an nan ya ce ba nufinsa ba sai na Uba. Miƙawar ta zo bayan roƙo na gaske. Wanda ya tsallake roƙon ya faɗa kan "nufinka", sau da yawa saduda ya yi. Wanda ya tsaya a roƙon ya ƙi ƙarasawa, ciniki yake yi.

Bi gefe na biyu na takardarka ɗaya bayan ɗaya. Kira sunan kowane abu, ka ce ka sa shi a hannun Allah. Wasu sukan buɗe tafin hannu sama yayin da suke faɗa, wasu su ninke takardar su sa cikin Littafi Mai Tsarki. Babu wani iko a cikin waɗannan, amfaninsu shi ne in tunanin ya dawo da rana kana da abin tunawa cewa an riga an miƙa.

Ga misalin yadda kalmomin za su iya kasancewa. Sauya su su dace da halinka:

"Ya Uba na Sama, kai ne ka san ƙarshe tun daga farko, ni kuwa ko abin da zai faru da yamma ban sani ba. Na faɗa maka abin da nake tsoro, na faɗa maka abin da nake so. Ka san ina so ƙwarai. Yanzu ga sakamakon, ga lokacin, ga zukatan mutanen da za su yanke shawara, na sa su a hannunka. In ka ba ni abin da na roƙa, kada in manta da kai. In ka hana, ka riƙe ni kada in fāɗi. Nuna mini abin da zan yi yau, ka ba ni ƙarfin yinsa. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin."

Jimlar nan ta "in ka hana" ita ce mai ɗaci, kuma kada a yi ƙarya a kanta. In ba ka iya faɗinta da gaske ba tukuna, ce: "Ban kai nan ba, ka kai ni." Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18). Habakuk ya jera asara shida, daga ɓaure da inabi da zaitun har gonaki da garken tumaki da shanu, ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji (3:17-18). Aiki mai amfani shi ne, sau ɗaya a mako, ka rubuta naka irin wannan: "Ko da kaza bai faru ba, ko da kaza ya lalace, duk da haka..." ka ƙarasa da abin da ka tabbata ba zai sauya ba. Romawa 8:38-39 za ta ba ka abin cikawa.

Minti uku na ƙarshe: godiya, shiru, sai aiki

Ambaci abubuwa uku da ka gode wa Allah a kai, biyu daga jiya, ɗaya daga wani tsohon lokaci da ka shiga tsaka mai wuya ya fid da kai. Su zama masu suna da rana. Godiyar "don kome da kome" ba ta kama zuciya. Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa cewa a haɗa roƙo da godiya, kuma a lura da abin da Filibiyawa 4:7 ta alkawarta: salamar Allah za ta tsare zuciya da tunani. Kalmar da ya yi amfani da ita ta sojan gadi ce. Ba ta ce za a ba ka abin da ka roƙa ba, ba ta kuma ce za a sanar da kai abin da ke tafe ba.

Yi shiru minti ɗaya. Zabura 131, mai ayoyi uku, ta kwatanta rai da yaron da aka yaye yana kwance a jikin uwarsa, ba ya neman komai. In tunani ya kutso, kada ka yi faɗa da shi, maimaita layi ɗaya daga nassinka. Sa'an nan zaɓi abu ɗaya daga gefen farko na takardar, ka sa masa lokaci a yau.

Idan zullumin ya dawo da rana ko da tsakar dare

Zai dawo, wataƙila kafin awa guda. Wannan ba alamar addu'ar ta fāɗi ba ce. Yesu ya yi addu'a ɗaya sau uku a dare ɗaya (Matiyu 26:44). Mai Zabura ya yi wa ransa tambaya ɗaya sau uku, a 42:5 da 42:11 da 43:5. Tanadi jimla ɗaya da za ka iya faɗa cikin numfashi guda, kamar Zabura 56:3 a kan dogara sa'ad da tsoro ya zo, ko 31:15 cewa kwanakinka a hannunsa suke. Nehemiya ya yi irin wannan addu'ar tsakanin tambayar sarki da amsarsa (2:4).

Da dare, ƙa'ida ɗaya: kada ka yanke shawara, kada ka aika saƙo, kada ka shiga intanet neman alamomin ciwo. Ƙarfe biyu na dare kowane abu yakan ninka girmansa. In minti ashirin sun wuce kana ido biyu, tashi ka zauna, karanta Zabura 4 da ƙarfi, rubuta tunanin a takarda ka ce da safe za a duba shi, ka koma ka kwanta.

Inda ake yawan ɓata abin

Na farko, ɗaukar aya a cire ta daga mazauninta. Irmiya 29:11, wadda ke maganar shirin alheri da sa zuciya, wasiƙa ce ga waɗanda aka kai bauta Babila. Ayar da ke gabanta ta ce sai an cika shekara saba'in, aya ta 5 kuma ta ce su gina gidaje su dasa gonaki a can. Alkawarin gaskiya ne, amma wanda ya karanta shi a matsayin "kafin ƙarshen wata" zai ji kamar an yaudare shi. Iblis ma ya jawo Zabura 91 ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali (Matiyu 4:6). Kafin ka jingina da aya, karanta ayoyi goma kafinta da goma bayanta, ka tambayi kanka wa aka faɗa wa, da wane sharaɗi. Alkawuran da ba su da shakka ga kowane mai bi su ne na kasancewar Allah tare da shi, da gafara, da hikima, da alheri isasshe, da tashin matattu. Gini a kan waɗannan ba ya rushewa.

Na biyu, farautar alama. Buɗe Littafi Mai Tsarki da ido rufe a ɗora yatsa, ko cewa "in mota ja ta wuce to amsar e ce", ko yawo daga mai annabci zuwa mai annabci. Ana kafa hujja da ulun da Gidiyon ya shimfiɗa don neman alama daga Allah, amma a Mahukunta 6:36-40 ya riga ya san abin da Allah ya ce, tsoro ne ya sa shi neman ƙari, shi da kansa ya roƙa kada Allah ya yi fushi. Ƙishin sanin gobe shi ya kai Saul wurin mai duba a Endor (1 Sama'ila 28). A ganinmu, duk wanda ya nemi a biya shi kafin ya faɗi abin da Allah ya ce game da gobenka, a guje shi. Ibrahim ya fita bai san inda za shi ba (Ibraniyawa 11:8). Bulus ya nufi Asiya aka hana shi, ya nufi Bitiniya aka hana shi, sai a Taruwasa hanya ta buɗe (Ayyukan Manzanni 16:6-10). Yana tafiya aka bi da shi.

Na uku, naɗe hannu da sunan dogara. Nehemiya 4:9 ta ce masu ginin garun Urushalima sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Tsakanin ranar da Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima da ranar da ya yi wa sarki magana kamar wata huɗu ne, kuma da aka tambaye shi yana da amsa a shirye: tsawon tafiyar, wasiƙu ga masu mulki, katako daga kurmin sarki. Ganin likita, neman shawarar masani, rage kashe kuɗi, duk ba su rage bangaskiya.

Na huɗu kishiyar na uku ne, wato gaggawa. Jira yana da zafi, sai mutum ya yi kowane abu don dai ya ƙare. Saul ya jira kwana bakwai a Gilgal, da ya ga mutane na watsewa ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba, yana gamawa Sama'ila ya iso (1 Sama'ila 13:8-10). Ibrahim ya karɓi kira yana da shekara 75, aka haifi Ishaku yana da 100, a tsakani kuwa gajiya da jira ta kawo maganar Hajaratu, baiwar da matarsa ta ba shi don ta haifa masa ɗa. Sauri ya haifi nawa. Duk shawarar da ba ta warwaruwa, kamar barin aiki, sayar da gida, cin babban bashi, ko yanke zumunci, ba ta aƙalla kwana uku na addu'a, ka kuma ji ta bakin masu bi biyu da suka manyanta, waɗanda ba su da riba a cikin zaɓinka.

Na biyar, auna addu'a da yadda aka ji. Wata rana za ka tashi da sanyin rai, wata rana ƙirji na nan a ɗaure. Luka 22:43-44 ta ce mala'ika ya ƙarfafa Yesu, bayan haka kuma yana cikin azaba ya ƙara himmar addu'a. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne: ka yi aikin yau? Ka guje wa hanyar da ka san ba daidai ba ce? Ka dawo gobe?

Idan baki ya ƙi buɗewa

Akwai kwanakin da ko jimla ɗaya ba ta fita. Kada ka tilasta tsarin nan. Karanta Zabura ɗaya da ƙarfi a matsayin addu'arka, ko ka bi Addu'ar Ubangiji layi-layi kana tsayawa bayan kowane layi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu juyi zuwa yabo, kuma an bar ta cikin Littafi. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Zama shiru a gaban Allah minti biyar da hawaye addu'a ce.

Duba jikinka ma. Da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da aka fara yi masa shi ne a bar shi ya yi barci, a ba shi abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana (1 Sarakuna 19:4-8). Don haka a yi hattara da dogon azumi ga wanda ya riga ya daina ci da barci. Yehoshafat ya yi shelar azumi, azumi yana da wurinsa, amma mai ciwon sukari, mai ciki, da mai shan magani a kan lokaci su tuntuɓi likita tukuna. In rashin barci, faɗuwar gaba, ko rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu suna hana ka aiki, je asibiti, ka ci gaba da addu'a. In tunanin kashe kai ya zo, faɗa wa wani a ranar, fasto ko ɗan'uwa ko likita, kada ka kwana da shi kai kaɗai.

Jawo mutum ɗaya ko biyu

Ba sai duk ikkilisiya ta sani ba. Zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, ka gaya musu ainihin abin, da abin da kake so su roƙa, da ranar da ake sa ran labari. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, minti goma ko ta waya ne. In kai ne aka kira, rage wa'azi. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai da suka zauna shiru. Kada ka ce wa mai jira rashin bangaskiyarsa ne ya jawo jinkiri, ko ka shiga tono zunubin da ya haddasa ciwon. Yesu ya rufe wannan ƙofar a Yahaya 9:3. Kada kuma ka yi alkawarin da Allah bai yi ba, irin su "na tabbata gwajin zai fito lafiya". Ce masa za ka kira ranar, kuma ka kira.

Littafin tunawa

Sami ƙaramin littafi, kowane shafi gida uku: kwanan wata, abin da aka roƙa, abin da ya faru. Cika na ukun da gaskiya, har da inda amsar ta zo a'a. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jiki, abin da ya samu shi ne maganar cewa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:8-9). Irin wannan ma a rubuta: abin da aka hana, da abin da aka bayar a madadinsa, ko da sai bayan wata shida za a iya cike wurin. In labarin da ya zo mummuna ne, koma kan sashen kuka ka daɗe a can, kwanaki ko makonni. Maganar nan ta jinƙan Ubangiji da ke sabuntuwa kowace safiya tana tsakiyar littafin Makoki ne (3:22-23), wanda aka rubuta a kan rushewar Urushalima.

Ranar farko ta kowane wata, karanta shafukan baya kafin ka fara addu'a. Daga nan za ka riƙa ciro tsohuwar godiyar da ake bukata a minti ukun ƙarshe. Takardar farko kuwa, mai layi a tsakiya, sake rubuta ta duk mako, domin abubuwa sukan ƙaura daga gefe zuwa gefe: abin da ba ya hannunka ranar Litinin, kamar sakamakon gwaji, zai iya zama a hannunka ranar Juma'a, lokacin da za a zaɓi magani.